Hayaƙin Baba Tanko a Karantina

Wanda ya fara cutata a Jidda Bahaushe ne ɗan'uwana. Ejan ne, shi ya kawo mu da bizar umara wajen ƙarshen shekarun 1980. Tun a Gusau ya yi mini alkawarin aikin kafinta a kamfani, da kafili, wato ubangidan da zai tsaya mini, da iƙama, takardar izinin zama, har da ɗaki mai na'urar sanyi. Da muka gama umara ya dawo da mu Jidda, ya zube mu a wani gida a unguwar Bagdadiyya, ya tattara fasfonmu ya ce zai kai a buga musu hatimi, mu jira shi bayan la'asar. Har yau ban sake sa shi a ido ba.

Da mai gidan ya gaji da mu, sai ya watso mana kayanmu waje, kowa ya kama gabansa. Ni ban san kowa ba, Larabcina kuma bai wuce na sallah ba. Duk baƙar fatar da na tare da tambaya, amsa ɗaya ce: "Karantina." Unguwar da mutanenmu suke taruwa ke nan. Da ƙafa na tafi, jaka a ka, rana tana dukana. Duk motar da ta rage gudu kusa da ni sai in ce shi ke nan, an zo kama ni.

Na san na iso tun kafin a gaya mini, don ƙamshin daddawa da na tsire ne suka tare ni, haɗe da warin kwata. Lunguna ne matsattsu, ɗakunan bulo da na katako da na langa-langa sun hau kan juna. A bakin wani lungu na ga wani dattijo siriri, da tiren goro da asuwaki a gabansa. Kafin in gama sallama ya miƙo mini gorar ruwa.

"Sha tukuna," in ji shi. "Wannan fuskar ta wanda ejan ya gudu ya bari ce. Daga ina?"

"Gusau, Baba. Sunana Lawali."

"Ashe na gida ne. Ni mutumin Ƙaura ne. Ajiye jakar."

Wannan shi ne Baba Tanko. A ɗakinsa na zauna, mu uku, da wani Malam Isuhu mutumin Maraɗi mai tallar turare. Baba makaɗin kalangu ne a da. Ya yi wa wata jam'iyya kiɗa tun zamanin da ake fafutukar karɓar mulkin kai, kuma da soja suka kifar da gwamnatin farko sai ya yo gabas ta Sudan, ya tsallako teku a jirgin ruwa. Tun daga nan bai koma ba. Shi ya koya mini zaman Jidda. In ka ga askari, wato ɗan sandansu, kada ka ruga. Kada ku jeru ku da yawa a titi. In ka ji mata sun kwarma ihu suna cewa "Jawazat!", wato jami'an kama marasa takarda sun shigo, ka bi ta bayan banɗaki ka haura katanga. Shi ne kuma ya kama hannuna ya kai ni wurin wani Bayamale mai shagon kafinta a Bani Malik, ya ce masa ni ɗansa ne.

Aikin ya karɓe ni, amma tsoro bai sake ni ba. Kullum da safe in zan fita sai in dubi ɗakin kamar ba zan dawo ba. Na baro mahaifiyata da matata Saratu da jaririya a gida. Wani lokaci ina goge katako sai in ji kamar muryar Saratu a bayana, in waiga in ga Bayamale ne yake faɗa da mai kawo ƙusa.

Ban daɗe ba na gane Baba yana da wani hali. Bayan la'asar yakan hau saman ɗaki, ya zauna bayan tankin ruwa. Rannan na hau shanya wandona, sai wani wari ya buge ni, warin da na sani a bayan tashar motar garinmu. Na tsaya cak. Yana zaune ya miƙe ƙafa, yana murtsuke wani baƙin ƙullutu kamar daddawa a cikin tabar sigari.

"Baba, wiwi ce?"

"A nan hashish suke ce mata. 'Yar'uwar waccan ce, ta dai fi ta tsada." Ya zuƙa, ya lumshe ido. "Me ya sa ka zare ido haka? Manyan da suka karɓo maka ƙasa ma sun sha."

A ranar na fara jin wannan magana, kuma na ji ta har na gaji. Duk sanda muka zauna cin abinci sai ta taso, don Malam Isuhu ba ya iya haɗiye ta.

"Tanko, ka ji tsoron Allah," yakan ce. "Mutane suna kabari, sun gina makarantu da masallatai, kai kana nan kana shafa musu kashin kaji don ka samu abokan laifi."

"Kai lokacin kana Maraɗi kana ce wa Faransawa 'wi, mushe', me ka sani? Ni ina wurin. Mutumin da zai tsaya gaban Bature mai bindiga ya ce masa tattara ka bar mana ƙasarmu, kana tsammani da kunun zaƙi ya yi? Da hannun nan na naɗa musu."

"Wa da wa? Faɗi suna."

"Ba na tona asirin manya." Sai ya juyo gare ni. "Lawali, 'yancin da muka yi wa kiɗa har hannunmu ya fashe, mene ne shi? Ƙasa taka, kai naka. Ban saci na kowa ba, ban daki kowa ba. Huhuna ne. In Bature ba shi da ikon gaya mini abin da zan shuka a gonata, wa ke da ikon gaya mini abin da zan zuƙa?"

"Wanda ya halicci huhun," in ji Malam Isuhu. "Kuma ranar da aka zo, ba huhunka kaɗai za a sa wa ankwa ba."

Ni dai ba na sa baki. Hoton irin waɗannan manyan na tashi na gani a bangon zauren mahaifina, kuma ban taɓa jin an ambace su ba sai da addu'a. Raina ba ya son maganar Baba. Amma ga mutumin da ba ya iya tsallaka titi sai ya duba gabas da yamma, kalmar nan 'yanci tana da daɗin ji, ko daga bakin wa ta fito. Wani lokaci in na ga yadda yake saukowa daga sama fuskarsa a sake, ba ruwansa da jawazat, har nakan ce a raina wataƙila shi kaɗai ne ɗa a Karantina, sauranmu duk bayi ne.

Wata Juma'a maigidana Bayamale ya ce in raka shi mu haɗa wa wani mutum kabad a wajen Bagdadiyya. Muka gama, muka yi sallah a wani babban masallaci da ke kusa. Da aka sallame sai na ga mutane ba su watse ba, suna ta kwarara wani fili da ke gefe. Askarawa sun yi da'ira. Ni da ba ni da ko guntuwar takarda, ga ni a tsakiyar askarawa. Na juya zan sulale, maigidana ya damƙe wuyan hannuna, ya girgiza mini kai. Fita a lokacin ta fi tsayawa haɗari.

Aka buɗe bayan wata mota, aka fito da wani mutum an ɗaure masa ido. Baƙi ne kamata, ban san ɗan wace ƙasa ba ne. Ƙafafunsa na gani, ba takalmi, suna jan ƙasa. Wani ya karanta wata doguwar sanarwa a lasifika. Maigidana ya sunkuyo kunnena ya ce kayan maye ya shigo da su ƙasar. Na runtse ido. Ban ga komai ba, amma na ji lokacin da taron nan gaba ɗaya ya ja numfashi. Na yi baya zan faɗi. Wani tsoho Balarabe da ban sani ba ya tallabe ni, ya zuba mini ruwa a ka yana cewa kada in ji tsoro, kada in ji tsoro.

Da na koma Karantina, kai tsaye na hau sama. Baba yana bayan tanki.

"Baba, yau a gabana aka sare kan mutum saboda abin nan."

Hannunsa ya ɗan tsaya. "Masu shigo da ita ake yi wa haka. Ni sha nake yi."

"Wa zai tsaya ya bambance? Da wane Larabcin za mu yi bayani? Don girman Allah ka fitar da ita daga ɗakin nan. Ina da uwa, ina da 'yar da ba ta san fuskata ba."

"Ni da na tsince ka a titi, yau kai za ka kafa mini doka a ɗakina?" Idonsa ya yi ja. "Ƙofa a buɗe take."

Na sauko. Ban ci abinci tare da su ba. Amma da na zo shimfiɗa tabarmata sai na tarar da kwanon tuwo a rufe a kanta, har da tsokar nama, wadda na san tasa ce.

Na roƙi maigidana ya bar ni in riƙa kwana a shago, a kan tarin katako. Ya yi ta jan rai, daga baya ya yarda. Ranar da na je kwashe kayana, da hantsi ne, Malam Isuhu ya fita talla, Baba yana ɗaki yana jiƙa buhun goro. Ina cusa riguna a jaka, ina neman kalmar da zan yi masa sallama da ita, sai ƙofa ta bugu da bango, wasu jami'ai suka faɗo ciki. Ba a yi ihun jawazat ba, don waɗannan ba su sa kaki ba. Ashe an kama wanda yake sayar wa Baba, shi kuma ya yi ta lissafo masu saye.

Suka kifa mu a ƙasa. Ina jin gwiwar mutum a gadon bayana, ina kallon ƙafafunsu suna zazzage ɗakin. Akwai wata 'yar kanta da na ƙera da guntayen katako, na kafa ta a bango daidai saman tabarmata, ina ajiye sabulu da man shafawa. Ɗaya daga cikinsu ya zura hannu a bayanta, ya zaro ƙullin leda. Ya shinshina, ya dube ni, ya nuna tabarmar, ya nuna jakar da ke gefena. Ban san Baba a nan yake ɓoyewa ba. Abin da nake gani kawai shi ne ƙafafun mutumin nan na ranar Juma'a.

A ofishinsu aka shigar da mu tare gaban wani hafsa, ƙullin yana kan tebur. Larabcin Baba na kasuwa ne, nawa na shago, don haka aka kira tafinta. Wani saurayi ne cikin farar riga da ɗankwalin Larabawa, haihuwar Jidda, jikan mutanenmu da suka zo aikin hajji tun da can suka zauna. Hausarsa duk ta karye.

"Ya Baba," ya ce, "haza abin, na wane? Naka, ko na wannan?"

Baba ya ɗaga kai, ya gyara zama kamar yana gaban taron lacca.

"Gaya masa nawa ne. Lawali bai san da shi ba. Kuma gaya masa na sha abin nan tun ba a haife shi ba. Na naɗa wa manyan da suka karɓo ƙasa, na ba abokai, na raba wa jama'a da hannuna, ban taɓa jin kunya ba. Kaina nawa ne!"

Tafintan ya juya ga hafsan ya yi magana a taƙaice, kuma ɗan Larabcin da na tsinta a shago ya ishe ni in gane. Cewa ya yi tsohon ya amsa nasa ne, shi kaɗai yake sha tun yana saurayi, wannan kuma ba ruwansa.

Hafsan ya ɗaure fuska. Ya tambaya, duk wannan dogon zancen abin da ya ce ke nan?

Tafintan ya ce sauran istigfari ne, tsoho ne, ya ruɗe. Sannan ya juyo ga Baba, da murya irin ta mai yin wata tambayar, ko gira bai ɗaga ba.

"Baba, uskut. Rufe baki. In ka ce ka ba wani, ka zama mai rabawa, wuyanka ne. Ka ce kai kaɗai. Halas."

Baba ya dube shi, ya dube ni. Kafaɗunsa suka sauka. "Ni kaɗai," ya ce.

Ban san sunan saurayin nan ba, ban sake ganinsa ba. Har gobe ina sa shi a addu'a.

Aka kulle mu a wani ɗaki cike da mutane, Pakistanawa da Yamalawa da Habashawa, kowa da abin da ya kawo shi. Duk sanda aka taɓa ƙofa sai in zabura, don ban tabbata an yarda da maganar tafinta ba. Baba kuwa rashin hayaƙin ya taɓa shi. Ya daina cin abinci, gumi yana ta karyo masa, ya zama ba ya son magana. Ni nake jiƙa gefen rigata ina goge masa fuska.

Wata rana bayan azahar, muna jingine da bango, na ce, "Baba, in tambaye ka tsakaninka da Allah? Manyan nan, ka gan su da idonka suna sha?"

Ya dubi tafin hannunsa.

"Ban taɓa ganin ko ɗaya da ita a baki ba," ya ce. "Ko wani ya sha a cikin ɗakinsa, Allah ne masani. Abin da na gani shi ne, in za a fita lacca, sai wani daga cikin yaransu ya zo da ƙunshi a takardar siminti, ya raba mana, mu makaɗa da 'yan banga. Mu sha, mu ji ko harsashi ba zai huda mu ba. Mu shiga gaba, a fasa mana kai, mu fasa na wasu. Su suna cikin mota, an ɗaga gilashi."

"To don me kake cewa sun sha?"

"In ban ce haka ba, in ce me? In ce an ɗura mini ne kamar yadda ake ɗura wa mota mai?" Ya yi tari, ya share baki. "Har yanzu ina nan a kan bakana, kan mutum nasa ne. Sai dai ban kyauta ba da na ajiye nawa a saman tabarmarka. Ka yafe mini, Lawali."

Na ce na yafe. Da gaske nake, ko da yake a lokacin tsoro bai bar mini wurin jin komai sosai ba.

Daga ƙarshe aka wanke ni daga maganar ƙullin, aka bar ni da laifin zama ba iƙama. Da aka kira sunana za a kai ni tarhil, inda ake tara waɗanda za a kora gida, na durƙusa gaban Baba na ce, "Wa zan gaya wa a gida?"

Ya ce babu kowa. Har na miƙe, sai ya riƙo rigata.

"Akwai Hajo, ƙanwata. A Ƙaura, bayan marina. In tana raye."

A tarhil na sha zafi da cunkoso da ƙwarƙwata, amma a nan na fara barci har da minshari, don na san gida za ni da kaina a wuyana. Malam Isuhu ya aiko mini da riga da ɗan dabino ta hannun wata mata. Da su na sauka Kano, da silifa a ƙafa. 'Yata ta gan ni ta ruga bayan uwarta tana kuka. Labarin Baba kuwa sai bayan shekaru na ji shi daga bakin wani da aka koro: an yanke masa ɗauri da bulala, kuma bai gama wa'adinsa ba ciwon ƙirji ya ɗauke shi. A Jidda aka binne shi.

Amma lokacin da na je Ƙaura ban san haka za ta faru ba. Na yi ta tambaya bayan marina har aka nuna mini gidan. Na tarar da tsohuwa tana tsince wake a faifai, idonta ɗaya ya yi fari. Da na ce daga wurin Tanko nake, faifan ya zame daga cinyarta, waken ya watse.

"Yaya Tanko? Yana da rai? Mu da muka yi masa sadakar arba'in tun ina goyo!"

Na ce yana da rai, yana gaishe ta. Ta yi kuka, ta yi dariya, ta kira jikokinta su zo su ga wanda ya ga Yaya. Ta tambaye ni ko yana sallah, na ce ba ta wuce shi. Ko ya yi aure, na ce a'a. Ko yana samun abinci, na ce har ni ya ciyar. Sai ta kori yaran, ta matso kusa da ni, ta rage murya.

"Ɗan nan, abin nan da ya raba shi da Baffanmu har ya bar gida. Ya daina?"

Na dubi waken da ke warwatse a ƙasa.

"Inna, inda na baro shi dai ba ya sha."

Ta ɗaga hannu sama. "Alhamdu lillahi. Dama na ce ƙasa mai tsarki za ta gyara shi." Ta share hawayenta da gefen zane, ta ƙwala wa jikarta kira ta kawo wa baƙo fura.